Shekarar da Na Hana a Yi Shuka

Akwai wata magana da kuka daɗe kuna juyawa a gidan nan, har jikokina sun haddace ta: wai Nafi'u ne ya ja mana cin geron awo, shekarar da ya mai da zaurena gidan gem. Kai Kabiru ka fi kowa iya jera ta. Duk Sallah in kun taru, da an ajiye kwanon tuwo sai ka ɗauko ta, ka ƙara mata gishiri, 'yan'uwanka su yi ta dariya, shi kuwa ƙanin naku ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na gaji da jin ta. Ba tsufa ne ya sa na zama mai saurin fushi ba, ko da yake Innarku za ta ce da ma can haka nake. Na gaji ne don maganar ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce tun ranar da aka fara faɗinta. Saboda haka ku natsu ku karanta, kada wani ya tsallake ya leƙa ƙarshe, don na san halinku.

A lokacin duk kun watse. Kabiru kana Kano wajen aikin ofis, sauran maza kowa ya kama gabansa, matan suna ɗakunan mazajensu. Nafi'u, autan maza, shi kaɗai ya rage a gabana, kuma ba ni da wani buri da ya wuce ya zauna ya riƙe gandun gidan nan. Kun san ƙasarmu, ba daji ba saura, gona na jikin gona tun daga bayan katangarmu har hanyar Ɗanbatta. Ba ma barin ƙasa ta huta, sai dai mu ciyar da ita, mu yi ta jigilar taki duk rani. Irin wannan gonar ba ta jin maganar ɗan ƙwadago, mai ita take so. Yaron kuma yana da hannun noma, in ya yi huɗa sai ka ce igiya aka ja. Shi ya sa da ya same ni cikin rani ya ce yana so ya ɗora sola a kan zaure, ya ajiye talabijin biyu da na'urar wasa samari su riƙa zuwa, ban yi masa musu ba. Na ce a raina gara ya yi ta danne-dannensa a ƙofar gida, da ya tafi ci-rani birni ya ga fitilu ya ƙi dawowa. A ganina dabara na yi.

Ashe kasuwa na jawo wa kaina. Kafin wata guda, zauren da mahaifina yake karɓar baƙi ya koma kamar tashar mota. Baƙo sai ya yi sallama uku kafin a amsa, a amsa ɗin ma ba a waiwayo ba. Wasan kansa bai dame ni kamar musun ba. Su ma ƙungiya-ƙungiya ne, kowa da ɗariƙarsa. 'Yan ƙwallo sun raina 'yan harbi, suna cewa nasu wasan ba ya buƙatar ƙwaƙwalwa, ka ga mutum ka danna, shi ke nan. 'Yan harbi suna cewa ƙwallo wasan masu uzuri ne, don ba a taɓa cin ɗan ƙwallo da gaskiya ba: ko alƙalin wasa ya zalunce shi, ko maɓalli ya maƙale, ko rana ta haske masa gilashi. 'Yan tseren mota kuwa, ɓangarorin biyu sun haɗa kai sun raina su. Ina kishingiɗe a ɗakina bayan azahar ina jiyo su.

"Wallahi hannun gem ɗin nan ne ya lalace. Ba ni naka ka gani."

"Jiya da shi ka ci ni, ba ka ce ya lalace ba."

"Jiya daban, yau daban. Ɗan wasan nan yau kamar bai karya ba."

Ƙatti ne fa, masu gemu, wasu da 'ya'ya bibbiyu, suna rantsuwa da Allah a kan wani mutum da aka zana a cikin gilashi wai bai karya kumallo ba.

Na kai ƙara wajen yayana, Baffanku Garba, don ya zo ya tsawata musu, tunda shi ne babba kuma muryarsa ta fi tawa kauri. Kun san ya yi shekaru yana jan motar haya tsakanin Ɗanbatta da Kano kafin idonsa ya yi rauni. Ya shigo zauren da sandarsa, fuska a murtuke. Sai ya tarar ana tseren mota. Ya tsaya yana kallo, ya ce wa yaron da ke tuƙi ai ba haka ake shiga kwana ba. Aka miƙa masa hannun. Na rantse muku bai yi taku goma ba ya rungumi katanga, motar ta wuntsila, samari suka danne dariya don girmansa.

"Wannan ba mota ba ce," in ji shi. "Ina kulocinta? Ba fasinja, ba akuya a but, ba rami a hanya. Wanda ya ƙera abin nan bai taɓa ɗauko buhu daga Dawanau da damina ba. Ku sake sa mini in nuna muku."

Mutumin da na kira ya kashe wuta, sai da aka kira la'asar na janye shi daga kan benci.

Na shiga cikin gida in huce, na tarar da Innarku a gindin murhu, kanta a sunkuye kan waya, miyar kuka tana kamawa. Nafi'u ya sa mata wani wasa na alawa kala-kala, a jera uku su fashe. Na ce mata yanzu har ita, da furfurarta.

"Malam, nawa ai ba kisa, ba ihu," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Kamar tsintar wake ne. Ka ware ja, ka ware kore."

"To miyar fa?"

"Saura layi ɗaya."

A ranar na yi faɗan da har maƙwabta suka ji. Na ce gidan nan ya zama gidan mahaukata, ni kaɗai na rage mai hankali. Ku riƙe wannan maganar tawa, don ban yi sati biyu da faɗinta ba Nafi'u ya karɓi wayata zai sa mini caji, babbar wayar nan da kai Kabiru ka aiko mini, ya dawo da ita yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Baba, na sa maka naka. Na manoma ne. Ka duba ka gaya mana ko sun iya."

Na buɗe don in ga iyakar ƙaryarsu, kuma na ga ƙarya. Gona ce kore shar, ka taɓa ƙasa da yatsa ka shuka alkama, kafin ka gama alwala ta nuna. Ba taki, ba firi, ba maimai. Ba ƙuduji, ba fara, ba akuyar maƙwabci. Shanu suna tsaye a wuri ɗaya ba kiwo ba mashaya, suna ba da madara suna murmushi. Kaji a fili, ba shaho. Abin da ya fi ba ni haushi, gonar ba ta jiran ruwan sama, ko hadari ba a yi a garin. Na ce wa Nafi'u wanda ya yi wannan abin ko fartanya bai taɓa riƙewa ba, kuma in manomi na gaske ya shiga, cikin kwana uku zai gama da su. Na shiga ne don in nuna musu. Abin da ban sani ba, an gina shi ne da wayo irin na mai tallan goro, a ba ka ɗan tsinke kyauta don ka dawo. Ka girbe alkama, a ce ka niƙa, ka niƙa a ce ka gasa burodi, ka gasa a buɗe maka sabon fili. Ni da na yi shekara da shekaru ina neman taku biyu in ƙara a gonata ban samu ba, ga fili ana ta buɗe mini har bakin kogi.

A gaban mutane ban fasa zagin gem ba. Amma na koma yawan shiga ɗaki ina cewa zan duba littafi, na koma yawan zama a gindin ɗorawar bayan gida ni kaɗai. A zatona ba wanda ya sani sai Nafi'u, don wayar da a da take kwana uku da caji ta koma zuwa wajensa sau biyu a yini. Bai taɓa ce mini komai ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya dawo da ita da hannu biyu.

Yanzu ku saurara, don nan ne maganar take. Ku da kuka daɗe a birni wataƙila kun manta yadda ake fara shuka a gidan nan. In ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, washegari da sassafe maigida ne yake fita gona shi kaɗai, ya tona ƙasa da hannunsa ya ga inda laima ta kai. In ta nutsa sosai, ya dawo ya ce a fito da sungumi da iri. In sama-sama ta tsaya, ya ce a dakata, kada a zuba iri ya tsiro rana ta ƙone shi. Ba wanda yake sa iri a gandu sai ya ba da baki, ko da ɗansa ya fi shi ƙarfi da sani. Haka na ga mahaifina yana yi, haka na yi shekara da shekaru, kuma har maƙwabta sukan leƙo su ga ko na fito da sungumi kafin su fito da nasu.

Ruwan shekarar ya sauka wata Talata bayan la'asar, ya yi kamar da bakin ƙwarya. Washegari na dawo daga masallaci da niyyar in wuce gona, sai na ce bari in leƙa wayar tukuna. A cikin wasan akwai wata babbar mota da take zuwa ɗaukar kaya, in ba ka cika ta ba kafin lokacinta ya ƙare sai ta tafi, wahalarka ta kwanaki ta tashi a banza. Saura mini kaɗan in cika ta. Na zauna a bakin gado ina jiran masara ta nuna in ba kaji, kaji su yi ƙwai, in zuba a mota. Rana ta fito, ta ɗaga. Sai ga Nafi'u ya yi sallama a ƙofar ɗaki, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu. Ya rufe zaure tun daren ruwan, ya gaya wa samari ba wasa sai an gama shuka.

"Baba, mutane duk sun fita. Gidan Malam Audu har sun kai rabi."

Na tura wayar ƙarƙashin matashi. Kunya ce ta kama ni, ita kuwa kunya a wajena ba ta daɗewa take komawa faɗa.

"Su fita mana. Wannan ba ruwan shuka ba ne, ƙura ya kwantar kawai. Su Audu kullum cikin gaggawa suke."

"Ka duba ne, Baba? Don ni na ɗan tona a bayan gida, na ga kamar ya nutsa."

"Kai za ka koya mini ruwa? Na ce a dakata."

Ya dubi ƙafafuna. Busassu ne, ba ɗigon laka a jikinsu, takalmana kuma suna nan a bakin ƙofa yadda na cire su. Ya dubi matashin. Sai ya ce to, ya juya ya jingine sungumin a jikin rumbu. Da hantsi, bayan motar banzan nan ta cika ta tafi, na zagaya gona a ɓoye na tona. Laima ta kai har gwiwar hannuna. Ko a lokacin da na koma na ce na yi kuskure, a fito, da mun shuka rabin gandu kafin magariba, mu ƙarasa washegari. Amma na riga na ce ba ruwan shuka ba ne, na faɗa da ƙarfi har matan gida sun ji. Na ce a raina ai wani ruwan yana tafe, jibi ko gata, sai in ce ga ruwan da nake jira.

Ruwan bai zo ba sai da aka yi kusan sati uku. Kullum in fita in dubi gabas har wuyana ya yi ciwo. Geron maƙwabta ya tsiro a kan laimar nan ya kama ƙasa, namu fili fetal a tsakiyarsu, duk wanda ya bi hanya sai ya gani. Da muka shuka, mun shuka a makare, kuma Allah ya sa ruwan shekarar ya ɗauke da wuri. Na mutane ya riga ya yi ido, namu yana cikin bununi aka bar shi. Nafi'u ya yi noman da ban taɓa ganin ɗan'adam ya yi ba, tun asuba har rana ta faɗi, kamar zai jawo geron da hannu ya kamo na mutane. Da kaka muka ɗaure abin da bai kai rabin na kullum ba, zangarniyar ma shafal, ba nauyi.

Gari kuwa ba ya rasa bayani. Wata Juma'a bayan an sauko, muna zaune da dattawa a inuwar masallaci, aka kawo zancen gonata. Baffanku Garba, wanda har lokacin yake satar hanya ya je zauren ya yi karo da katanga, shi ya fara.

"Ai ba wani abu ba ne, gem ɗin nan ne. Yaro ya zauna yana danne-danne, ruwan shuka ya wuce shi. Sule ya tsufa, ba zai yi shi kaɗai ba."

Kowa ya ce haka ne. Aka yi ta tausaya mini, ana cewa 'ya'yan zamani sai addu'a. Ina zaune a tsakiyarsu, carbi a hannuna, wayar tana aljihuna. Kalma ɗaya ta isa. Ban faɗe ta ba. Na gyaɗa kai, har na yi ajiyar zuciya irin ta uban da ɗansa ya ba shi kunya. Da na dawo gida, tunda an riga an ɗora mini rawanin wanda aka zalunta, sai na ƙarasa aikin. Na kira Nafi'u a gaban samarin na ce daga yau an rufe, a kwance sola, a fitar mini da tarkacen nan daga zauren ubana. Ya naɗe wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya share zauren, ya shimfiɗa mini buzuna a inda yake a da.

Innarku ce kawai ta tanka. Ta kawo mini fura ta ajiye da ɗan ƙarfi.

"Malam, laifi tudu ne. Ni dai miya na ƙona."

Na yi kamar ban ji ba. A ranar na goge gonar daga wayata, da shanunta da kogin da komai, kuma kada ku tambaye ni ko na ji zafin gogewar, don na ji, abin da ya ƙara ba ni haushin kaina ke nan.

Bayan an gama ɗaurin dawa Nafi'u ya zo ya durƙusa ya ce yana neman izini zai je Dawanau, wani mai sayar da hatsi yana neman yaro. Da wane baki zan hana shi? A garin nan ya zama abin misali, uba in zai yi wa ɗansa faɗa sai ya ce so kake ka zama Nafi'u. Na yi dabara don in tsare shi a gida, na zo da hannuna na kore shi.

Kafin wata damina rumbu ya ƙare. Ni da ban taɓa auna gero a kasuwa ba tun da na yi aure, na hau mota na tafi Dawanau, don in na saya a Ɗanbatta kowa zai gani. Na same shi a cikin rumfa, duk jikinsa ƙurar hatsi. Ya zaɓa mini gero mai kyau, ya ɗinke buhun, ya ɗauka a ka har bakin mota. A nan, cikin hayaniyar 'yan dako, na riƙe hannun rigarsa na ce masa zan tara mutane in faɗi gaskiya, ya dawo gida.

"Baba, ka bar shi haka," ya ce. "Ni yaro ne, in an ce na yi wauta, gobe an manta. Kai kuwa kai ake leƙe kafin a fito da sungumi. In suka ji, wa za su leƙa?"

Na so in yi masa musu. Ban yi ba, don maganar ta yi mini daɗi, ta ba ni mafaka, na shige ciki na zauna shekara da shekaru. Shi kuma ba a manta ba, ku da kanku ba ku bari an manta ba. Ya yi aure a can, ya kafa rumfarsa, Allah ya rufa masa asiri. Amma gandun da nake so ya riƙe, yau 'yan ƙwadago ne a ciki suna yi mini huɗa kamar tafiyar maciji, 'ya'yansa kuma in sun zo hutu ba su san gero da maiwa ba.

To ga ta nan, na faɗa. Yaron ya rufe zaurensa ya zo da sungumi a kafaɗa, ubanku ne ya zauna a bakin gado yana jiran kajin ƙarya su yi ƙwai. Na san Nafi'u ba zai ji daɗin wannan rubutun ba, sai ya yi haƙuri, ya ɗauki kayana ya isa haka. Sallar nan mai zuwa in kun taru, a kira Baffanku Garba da Malam Audu su ma su zauna. Kai Kabiru kai za ka karanta, da ƙarfi, tun daga farko, tunda bakinka ya saba da labarin. Ni kuma ina nan zaune a tsakiyarku har ka gama, ba zan shiga ɗaki ba.